Kalmar "Sujada" a Bakin Yaran Kaduna

Tun rikice-rikicen 2000 da 2002, akasarin Musulmin Kaduna suka tattaru arewacin kogi, Kiristoci kuwa kudanci. Saboda haka yaro a Kawo yakan tashi bai san yadda Kirista ke ibada ba, alhali kalmomin ibadarsu ɗaya ne, watau addu'a, azumi da sujada. Da su Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932. Sai dai ma'ana takan bambanta. Ga Musulmi, sujada ita ce sa goshi ƙasa cikin salla. Ga Kirista kuwa, har taron Lahadi a majami'a sujada ne. Lalle ne malami ya fayyace wannan, don kada yaro ya ɗauka ɗan'uwansa kuskure yake yi.