Na riga na yi allura, me ya sa za a ƙara mini?

A watan Disamba na 2021 gwamnatin Nijeriya ta sanar cewa waɗanda suka gama karɓar allurar rigakafin korona za su iya komawa a ƙara musu wata. A ƙauyukan da muke aiki tambaya ɗaya ce ta yi ta fitowa: idan ta farko ta yi aiki, me ya kawo wata? Idan kuma ba ta yi aiki ba, don me za mu yarda da wannan? Tambaya ce mai ma'ana, kuma takan sake tasowa duk lokacin da annoba ta ɓulla, ko mashaƙo ko sanƙarau ko wata. A wannan fitowa za mu bayyana abin da ake nufi da allurar ƙari, wanda ya fi bukatarta, da yadda iyali za su yanke shawara da hankali kwance.

Yadda allurar rigakafi take aiki

Jikin mutum yana da garkuwa da ke yaƙi da ƙwayoyin cuta. Amma garkuwar tana bukatar ta san kamannin abokin gaba kafin ta iya tare shi da sauri. Allurar rigakafi tana nuna wa jiki wani ɗan sashe na ƙwayar cutar, ko kuma ƙwayar da aka kashe ko aka raunana ta, domin jiki ya koyi yaƙi da ita tun ba ta zo da ƙarfinta ba. Wannan koyo yakan ɗauki kamar mako biyu.

Kariya iri biyu jiki yake samu. Ta farko ita ce ƙwayoyin kariya da ke yawo cikin jini, masu tare cuta tun daga bakin ƙofa. Waɗannan suna da yawa bayan allura, amma suna raguwa da tafiyar watanni. Ta biyu ita ce ƙwayoyin da ke riƙe da kamannin cutar. Su sukan daɗe, sai dai idan cuta ta shigo suna ɗaukar 'yan kwanaki kafin su tashi aiki. Shi ya sa mutumin da ya yi allura da daɗewa zai iya kamuwa, ya yi mura da zazzaɓi, amma da wuya ta kai shi ga kwanciya a asibiti. Ga tsofaffi da marasa lafiya, kariya ta biyun ma ba ta da ƙarfi sosai, kuma waɗannan 'yan kwanakin jira suna iya zama haɗari.

Dukanmu mun san yaɓen rumbu. Wanda ya gina rumbu mai kyau yakan sake yaɓe shi kafin damina, domin ruwa da iska sun ci na bara. Ba wanda yake cewa ginin farko banza ne. Haka allurar ƙari take: tana tuna wa jiki abin da ya koya, ta sake cika masa ƙwayoyin kariya.

Mun daɗe da sanin allurar ƙari

Korona ba ita ta fara kawo wannan tsari ba. Ga waɗanda muka saba da su:

• Allurar da ake yi wa jarirai a cinya a mako 6 da 10 da 14, wadda take kare su daga mashaƙo da tarin shiƙa da wasu cututtuka. Sai an cika ukun kariya take tsayawa da kyau. A annobar mashaƙo da ta fara a ƙarshen 2022, wadda ta fi tsanani a Kano, yawancin yaran da suka kamu ba a yi musu allurar ba ko kuma ba a cika musu ba.

• Allurar ƙyanda, wadda ake yi a wata 9, a sake a wata 15.

• Allurar sarƙe-haƙora ta mata. Sau 5 ake yin ta: ta biyu bayan mako 4, ta uku bayan wata 6, ta huɗu bayan shekara, ta biyar bayan wata shekara. Mace da ta cika su tana da kariya duk shekarunta na haihuwa, jariranta kuma su samu.

• Masu kiwon kaji sun san cewa rigakafin annobar kaji sai an maimaita shi duk bayan wata 3 ko 4.

Akwai kuma allurar zazzaɓin shawara, wadda sau ɗaya ta isa har tsawon rai. Wannan ya nuna mana cewa yawan allura ya danganta ne ga halin kowace cuta, da kuma tsawon lokacin da jiki yake riƙe kariyarta.

Abin da ya faru lokacin korona

An fara ganin cutar a birnin Wuhan na ƙasar Sin a ƙarshen 2019. Ta iso Legas a ƙarshen Fabrairun 2020, kuma a ranar 11 ga Maris na wannan shekara Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta zama annobar duniya. Allurar farko ta sauka a Abuja a farkon Maris na 2021, kusan guda miliyan 4 ta AstraZeneca, ta hanyar shirin COVAX. Daga baya aka kawo ta Moderna da Pfizer da Johnson & Johnson.

Abubuwa biyu ne suka kawo maganar ƙari. Na farko, likitoci sun lura cewa bayan kamar wata 6 kariya daga kamuwa tana raguwa. Na biyu, ƙwayar cutar da kanta ta yi ta sauya kama. A watan Nuwamba na 2021 masana a Afirka ta Kudu suka ba da labarin sabon nau'i da aka sa wa suna Omikron. Ya sauya sosai har ƙwayoyin kariya na allurar farko ba sa gane shi da kyau, ya kuma bazu da sauri. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna cewa allura ta uku tana ƙara kariya daga kwanciya a asibiti da mutuwa, musamman ga tsofaffi.

Ko shugabanni ma ba su yi baki ɗaya ba a farko. A watan Agusta na 2021 shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, Tedros Ghebreyesus, ya roƙi ƙasashe masu arziki su dakata da allurar ƙari, domin a yawancin ƙasashen Afirka ko ma'aikatan asibiti da tsofaffi ba su samu ta farko ba. Gardamar a kan adalcin rabo ce. A Nijeriya an fara ba da ƙarin ne daga 10 ga Disamba 2021, kyauta, ga mai shekara 18 zuwa sama wanda ya yi wata 6 da karɓar allura ta biyu, ko wata 2 idan ta Johnson & Johnson ce.

A ranar 5 ga Mayu 2023 Hukumar ta ce korona ta daina zama matsalar gaggawa ta duniya. Ƙwayar cutar dai ba ta ɓace ba. Abin da ya canja shi ne yawancin mutane sun samu kariya, ko ta allura ko ta kamuwa ko duka biyun.

Wa ya fi bukatar ƙari?

Korona ba ta kashe mutane daidai wa daida ba. A watan Afrilu na 2020 an yi mace-mace da yawa a cikin birnin Kano. Bayan bincike, ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an lissafa mutum 979, kuma rabi ko fiye na iya zama sanadin korona. Yawancinsu sun haura shekara 65, da yawa kuma suna da wani ciwo tun da.

Saboda haka a shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ƙara allurar bayan wata 6 zuwa 12 ga waɗannan:

• tsofaffi;
• masu ciwon sukari, ciwon zuciya, ciwon huhu ko ƙoda mai tsanani, da masu ƙiba ƙwarai;
• waɗanda garkuwar jikinsu ta yi rauni, kamar masu ƙanjamau da ta yi nisa ko masu shan maganin daji.

Ta kuma ce mata masu ciki su karɓa sau ɗaya a cikin kowane ciki, ma'aikatan asibiti kuma a duba nasu. Ga matasa da manya masu lafiya waɗanda suka riga suka yi allura, ba ta ba da shawarar a riƙa maimaita musu a kai a kai ba, domin amfanin kaɗan ne.

Mu ɗauki misali da gida ɗaya. Baba mai shekara 70 yana fama da ciwon sukari, allurarsa ta ƙarshe ta haura shekara. Ɗansa mai shekara 25 lafiyayye ne, ya yi allura, ya kuma taɓa kamuwa ya warke. Idan cutar ta fara yawo, baban ne ya kamata a fara kai wa asibiti, ko da za a bar aikin gona na yini guda. Ɗan yana iya jira ba tare da babban haɗari ba.

Abin da mutum zai iya ji bayan allura

Yawancin mutane sukan ji ciwo a hannu, gajiya, ciwon kai ko ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu. Alama ce cewa jiki yana aiki. Hutawa da shan ruwa da farasitamol sun isa.

Akwai matsalolin da ba kasafai suke faruwa ba, kuma ya kamata mu faɗe su. An samu daskarewar jini ga mutane ƙalilan da suka karɓi ta AstraZeneca da ta Johnson & Johnson. An kuma samu kumburin tsokar zuciya ga wasu samari bayan ta Pfizer da ta Moderna, yawancinsu sun warke. Ita cutar korona kanta tana jawo daskarewar jini da ciwon zuciya. Duk wanda ya ji ciwon ƙirji, wahalar numfashi, kumburin ƙafa ko ciwon kai mai tsanani da ya ƙi tafiya bayan allura, a kai shi asibiti nan da nan. Ana cewa mutum ya zauna minti 15 bayan an yi masa allura domin idan jikinsa ya ƙi ta a taimake shi a wurin. Mai zazzaɓi mai zafi ya jira ya warke. Wanda fuskarsa ta kumbura ko numfashinsa ya sarƙe bayan allurar baya, ya faɗa wa ma'aikacin lafiya kafin a taɓa shi.

Tsoro da jita-jita

Tsoron mutane yana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a Kano cikin binciken da ya shafi yara 200. Yara 11 sun mutu, iyaye suka ce ba a nemi izininsu yadda ya kamata ba, kuma a 2009 kamfanin ya yi sulhu da gwamnatin jihar ya biya kuɗi. Wannan magani ne da ake gwadawa, ba allurar rigakafi ba, amma darasinsa yana nan: kowa yana da hakkin ya tambaya, a kuma ba shi amsa.

An ce duk wanda ya yi allurar korona zai mutu cikin shekara biyu. An yi allurai fiye da guda biliyan 13 a duniya, shekarun sun wuce, maƙwabtanmu da suka yi suna nan tare da mu. An ce tana hana haihuwa, amma bincike bai nuna haka ba, kuma matan da suka yi sun ci gaba da haihuwa. An kuma ce alamar nan ce ta 666, ko akwai na'ura a cikinta. Abin da ke cikin kwalbar ruwan magani ne da hukumar NAFDAC ta duba kafin a yi amfani da shi, babu wata na'ura a ciki. Zai yi kyau fasto da dattawa su zauna da masu wannan damuwa su tattauna a fili, ba tare da yi musu dariya ba.

Tambayoyi biyar kafin a yanke shawara

1. Shekaruna nawa, kuma ina da wani ciwo da ya daɗe ko ina da ciki?
2. Yaushe aka yi mini allura ta ƙarshe? Katin allura ne zai nuna, don haka a adana shi inda ruwa da gara ba za su ci ba.
3. Cutar tana yawo a yankinmu yanzu? Me ma'aikacin lafiya na asibitinmu ya ce?
4. Da wa nake zama? Allurar korona tana rage yaɗa cutar kaɗan ne, na ɗan lokaci. Mai kula da tsoho ya tabbatar tsohon ne ya samu allurar, shi kuma ya nisance shi idan yana mura.
5. Wa zai yi mini? A karɓa daga asibiti ko ma'aikatan da gwamnati ta aiko, daga akwatin sanyi, da sabuwar allura. Ana iya neman a ga ranar ƙarewar aikin maganin a jikin kwalba. A Disamban 2021 gwamnati ta lalata fiye da guda miliyan 1 a Abuja domin lokacinsu ya wuce.

Abin da ikilisiya za ta iya yi

Zumuntar mata da ta matasa za su iya rubuta sunayen tsofaffi, gwauraye da marasa lafiya da ke cikin ƙauye, domin idan annoba ta zo a san waɗanda za a fara nema. Ana iya gayyatar ma'aikacin lafiya bayan sujada ya amsa tambayoyi da harshen da kowa ke ji. Masu babur za su iya ɗaukar waɗanda ba sa iya tafiya. Kada a tilasta wa kowa, kada kuma a kunyata wanda ya ƙi. Wanda aka saurari tsoronsa yau yakan dawo gobe da wata tambaya.

Don tattaunawa a ƙungiya

• Su wane ne a ƙauyenmu suka fi shiga haɗari idan annoba ta zo?
• Yara nawa ne a gidajenmu ba a cika musu allurarsu ba, kuma me ya hana?
• Idan muka ji sabon labari game da wata allura, wurin wa za mu je mu tabbatar kafin mu faɗa wa wani?