Ɗaukar Makami ko Haƙuri: Muhawarar Cikin Gida ta 'Yan'uwa

A ƙarshen watan Oktoba na 2014 'yan Boko Haram suka mamaye Kwarhi, kusa da Mubi, inda hedikwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya (EYN) take, har shugabanninta suka koma Jos da zama. Wata shida kafin nan an kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Chibok, akasarinsu 'ya'yan wannan coci. Sai tsohuwar tambaya ta taso da zafinta: ya halatta Kirista ya ɗauki makami ya kare iyalinsa?

Ɗan Katolika yana da inda zai dafa, domin Augustine da Thomas Aquinas sun bar masa sharuɗɗan yaƙin adalci. Ɗan EYN ba shi da wannan madafa. Cocinsa ya samo asali ne a Schwarzenau ta ƙasar Jamus a 1708, lokacin da mutum takwas, ciki har da Alexander Mack, suka yi baftisma a kogin Eder. Sun ƙi yaƙi, sun ƙi rantsuwa, ba su kuma rubuta wata aƙida ba bayan Sabon Alkawari. Wannan gado Stover Kulp da Albert Helser suka kawo Garkida a 1923, suka yi sujadar farko a gindin wata tsamiya.

Saboda haka duk mai gardama dole ya zo da ayarsa. Mai goyon bayan kare kai zai buɗe Luka sura 22, inda Yesu ya yi maganar sayen takobi, ya haɗa da Romawa 13 kan ikon hukuma. Ɗan'uwansa zai mayar masa da Huɗubar Kan Dutse, ya tuna masa cewa a daren da Yesu ya yi maganar sayen takobin ne aka umarci Bitrus ya mayar da takobinsa kube. Kowanne ya san hujjar ɗayan, ba kuma wanda zai iya tserewa da cewa malamin wata ɗarika ya yarje masa.

Nan darajar abin take, nan kuma nauyinsa. Mutanen da ke wanke wa juna ƙafa a bukin ƙauna ba sa iya muhawara kamar baƙi, ko da ɗayansu ya binne ɗansa. A hukumance cocin bai sauka daga koyarwar salama ba, kuma cikin waɗanda ya raba wa agaji bayan gudun hijirar har da maƙwabtansa Musulmi.