Shin Ko Kun San? Wasan Sauke Kumbo a Kan Wata Ya Girmi PlayStation da Shekara 25

Shin ko kun san ɗaya daga cikin tsofaffin wasannin kwamfuta a duniya ba shi da bindiga, ba shi da ƙwallo, ba shi da abokin gaba ko guda? Kumbo ne kawai yake faɗowa kan wata, tankin mansa yana ƙarewa, linzami yana hannunka. Ka kunna inji da wuri, mai ya ƙare kana sama. Ka yi nawa, ka haƙa rami. Samarin zangunan Salaga da Yendi da Bawku masu cika gidajen gem da ihun ƙwallo, ku matso ku ji tarihin kakan abin da ke hannunku.

Ɗan sakandare ne ya ƙirƙiro shi. Sunansa Jim Storer, ɗalibi a makarantar garin Lexington da ke jihar Massachusetts ta Amurka. A 1969, 'yan watanni bayan saukar Apollo 11 a kan wata, ya zauna gaban kwamfutar makarantarsu, ƙirar PDP-8, ya rubuta wasan cikin layukan da ba su kai 50 ba. Hoto babu. Lambobi kawai na'urar ke jero maka: ga nisanka da ƙasa, ga gudunka, ga ragowar manka. Kai kuma ka rubuta yawan man da za a ƙona a sakan 10 masu zuwa. Ana farawa daga mil 120 sama da wata, wato kusan kilomita 193, ana tsala gudun mil 3,600 a awa. Da irin wannan gudu, tafiyar Tamale zuwa Yendi minti ɗaya ce.

Yadda wasan ya bazu ma abin mamaki ne. David Ahl ya saka shi a littafinsa na wasannin kwamfuta na 1973, mutane suka riƙa kwafe shi da yatsunsu, layi bayan layi, daga takarda zuwa na'ura. Bugun 1978 na littafin ne littafin kwamfuta na farko da aka sayar da kwafi miliyan ɗaya.

Shin ko kun san abin da ya sa saukar take da wuya haka? Wata ba shi da iska. Laimar sauka ba ta da abin da za ta kama, fukafuki ba su da amfani. Ƙarfin da wata ke janyo abu da shi kashi ɗaya ne cikin shida na namu, amma ja ne da ba ya hutawa, kuma birki ɗaya tak gare ka: wutar roka da za ka hura ƙasa. Ga wani ƙulli kuma. Duk man da ka ƙona yana rage wa kumbon nauyi, don haka wutar da ta yi daidai ɗazu ta yi yawa yanzu. Storer bai kauce wa wannan lissafi ba, ainihin ƙa'idar roka ta Tsiolkovsky ya saka a ciki, da taimakon mahaifinsa wanda masanin ilimin fiziks ne.

Hanyar da ta fi tsimin mai kuwa ita ce wadda ta fi tsinka zuciya: ka kashe inji, ka bar kumbo ya yi ta faɗowa, sai a ƙurarren lokaci ka buɗe wuta gaba ɗaya, gudu ya mutu daidai lokacin da ƙafafu ke taɓa ƙasa. A wasan Storer, sakan 70 na farko ba ka ƙona ko ɗigo. A 2024 wani injiniyan manhaja mai ritaya, Martin C. Martin, yana neman wannan cikakkiyar sauka sai ya ga lissafi ya ƙi fita. Da ya bi diddigi, ya gano an manta raba wata lamba gida 2 a cikin layukan yaron. Shekara 55 kuskuren ya yi a kwance ba wanda ya taka shi.

Na gaskiyar ma da ƙyar aka sha. Ranar 20 ga Yulin 1969, Neil Armstrong ya leƙa ta tagar kumbon Eagle ya ga kwamfuta na shirin ajiye su cikin manyan duwatsu a bakin wani rami. Ya karɓi tuƙin, ya zarce yana neman fili, daga Houston ana ƙirga masa ragowar mai: saura sakan 60, saura sakan 30. Bugun zuciyarsa ya kai 150 a minti. Kuma shekara guda kafin nan, a watan Mayun 1968, injin da yake koyon sauka da shi ya ƙwace masa a sama, ya cilla kansa waje da laima, injin ya faɗi ya kama wuta.

Shin ko kun san Kano tana cikin wannan tarihi? Hukumar NASA ta kafa tashar bin sawun kumbo a Kano a zamanin shirin Mercury, kuma da John Glenn ya kewaya duniya ranar 20 ga Fabrairun 1962, Kano na cikin tashoshin da ya yi magana da su.

Hoto ya shigo wasan a 1973, lokacin da Jack Burness ya rubuta Moonlander don kamfanin DEC ya nuna gwanintar sabon allonsa, GT40. Da wani alƙalami mai haske ake tuƙi, ana taɓa allo. Ya kuma ɓoye barkwanci a ciki: akwai shagon McDonald's guda a kan watan. In ka sauka lafiya kusa da shi, ɗan sama jannatin zai fito ya je ya yi odar abinci. In ka rikito a kan shagon, wasan zai yi maka faɗa ka rushe shi.

Sai kamfanin Atari, a watan Agustan 1979, da akwatin Lunar Lander da ake girkewa a shagunan wasa: baƙin allo, fararen layuka sirara, da wani ƙaton hannu na ƙarfe da ake turawa don ƙara wuta. Filin sauka mai faɗi makinsa kaɗan, ɗan ƙanƙanin da ke maƙale a tsakanin duwatsu yana ninka maki har sau 5. Abin lura shi ne abin da sulallanka ke saya. Ba rai ba ne, ba lokaci ba ne, mai ne. Tanki ya kusa ƙafewa, ka jefa wani sulalla a ci gaba. Duk wasan wayar da ke tsayar da kai a tsakiyar daɗi yana cewa ka tura kuɗi ta momo a ƙara maka ƙarfi, wannan dabarar ce ya gada, sai dai na Atari ya fi kunya, don ko ka zuba kuɗi nawa ba zai sauke maka kumbon ba. Akwati 4,830 aka ƙera. Watanni 3 bayan fitowarsa ƙanensa Asteroids ya fito ya danne shi, ya sayar da kimanin 70,000, har aka riƙa ɗura Asteroids a cikin akwatunan da aka yi wa fentin Lunar Lander.

Yanzu ga ɗaya reshen dangin. Shin ko kun san akwai wasan da ba ya yarda ka haddace shi? A 1980 ɗalibai biyu a Jami'ar Kalifoniya ta Santa Cruz, Michael Toy da Glenn Wichman, suka yi Rogue, daga baya Ken Arnold ya shigo. Kai ne alamar @ a kan allo, dodanni haruffa ne, kana gangarawa cikin ɗakunan ƙarƙashin ƙasa neman wata laya da ke hawa na 26. Dokoki biyu suka sa sunansa ya zama sunan zuriya guda. Ta farko, kwamfuta ce ke zana taswira sabuwa fil duk lokacin da ka fara. Ta biyu, in ka mutu ka mutu, babu komawa inda ka tsaya, sai dai daga farko. Waɗanda suka ƙera wasan sun so ne su yi abin da su kansu zai riƙa ba su mamaki.

Mutumin Salaga bai kamata wannan ya zame masa baƙo ba. A zamanin da, ayarin fataken goro da ke tasowa daga Kano, ya bi ta Borgu da Sansanne Mango da Yendi kafin ya sauke a Salaga, watanni yake yi a hanya, kuma ba a taɓa yin tafiya biyu iri ɗaya ba. Bana kogi ya cika sai an biya fito, baɗi sarkin wani gari ya ƙara kuɗin wucewa, wata shekarar 'yan fashi sun koma wata kwana. Guzuri ƙidayayye ne, jakin da ya faɗi ya faɗi. Madugu ba haddar hanya yake taƙama da ita ba, sanin halin hanya ne: yaushe ake tsayawa, yaushe ake ratsewa, me za a sayar a sayi me. Abin da jikokin Rogue ke nema wurin mai wasa ke nan. Kayan da ka tara suna tafiya da mutuwarka, wayon da ka samu ne kawai ke bin ka zuwa zagaye na gaba.

To haɗa biyun ka gani. Duk tashi, sabon wata da sababbin ramuka. Ka sauka lafiya, a ba ka zaɓi: tanki mafi girma amma mai nauyi, ko ƙafafu masu jure buguwa, ko inji mai ƙarfi mai zuƙar mai. Man da ka ɓarnatar a duniya ta farko zai tambaye ka a ta huɗu. Ƙananan masu ƙera wasa suna son wannan haɗi don dalili mai sauƙi: ba sai ka zana matakai 100 da hannu ba, ƙa'ida za ka rubuta, na'ura ta yi ta haifo su. FTL, wasan kumbo mai bin tsarin Rogue da ya fito a 2012, mutum biyu ne suka yi shi. Dala 10,000 suka roƙa a shafin tara gudummawa na Kickstarter, jama'a suka tara musu sama da 200,000. A ganina irin wannan ne ya fi dacewa da yaron Bawku mai tsohuwar laftof da data ta awo, ba mafarkin yin kishiyar FIFA ba.

Kada kuma a ɗauka manya sun gama da matsalar. Kumbon Beresheet na Isra'ila ya tarwatse a Afrilun 2019, Vikram na Indiya a Satumbar shekarar. A Afrilun 2023 Hakuto-R na wani kamfanin Japan ya wuce ta saman gaɓar wani rami, manhajarsa ta rikice, ta ɗauka an iso ƙasa alhali saura kusan kilomita 5. Ya yi ta saukowa a hankali har mai ya ƙare, ya rikito, irin mutuwar da kowane sabon ɗan wasa ke yi. Luna-25 na Rasha, a Agustan 2023, injinsa ya yi sakan 127 yana ci maimakon 84. Kwanaki kaɗan bayan haka, ranar 23 ga Agusta, Chandrayaan-3 na Indiya ya sauka lafiya. SLIM na Japan ya sauka a Janairun 2024, amma a kan hancinsa.

Shin ko kun san ɗan Ghana yana cikin masu wannan sana'a? Dakta Ashitey Trebi-Ollennu, haifaffen Accra, injiniya ne da ya shiga cibiyar JPL ta NASA a 1999, kuma shi ya jagoranci aikin hannun mutum-mutumin kumbon InSight da ya sauka a duniyar Mars ranar 26 ga Nuwamban 2018. Can babu zancen linzami a hannun kowa. Saƙo daga Mars a ranar yana ɗaukar kusan minti 8 kafin ya iso, saukar kuma ba ta kai minti 7 ba, wato kafin a ji an fara, an riga an gama.

A ɓangaren wasanni, Eyram Tawia da abokinsa ɗan Kenya Wesley Kirinya sun kafa Leti Arts a 2009, suka mayar da Ananse, Gizon mutanen Akan, jarumin wasan waya.

Sai GhanaSat-1, tauraron ɗan adam na farko na Ghana, ɗan akwati mai nauyin kilo 1 da injiniyoyin Jami'ar All Nations ta Koforidua suka haɗa a Japan. Rokar Falcon 9 ce ta ɗaga shi daga Florida ranar 3 ga Yunin 2017, tare da takwaransa na Najeriya, aka sake shi daga tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa ranar 7 ga Yuli. Gindin rokar kuwa bai faɗa teku ba. Juyowa ya yi, ya yi ta faɗowa, ya kunna wuta a ƙurarren lokaci, ya tsaya cak a kan ƙafafunsa huɗu a Cape Canaveral, minti 8 ba su cika ba da tashinsa.