In Malami Ya Manta Kalmar Sirrin Kwamfuta

Kalmar sirri ita ce mabuɗin kwamfuta. In malami ya manta ta, takardun da ke ciki suna nan lafiya, ƙofa ce kurum ta rufe. Saboda haka kada a yi gaggawar ba mai gyara ya share na'urar, gama sharewa takan tafi da lissafin haraji da wasiƙu gaba ɗaya.

Ga kwamfuta mai Windows 11 akwai hanya uku. Ta fari, in da asusun Microsoft ake shiga, sai malami ya nemi sake kalma ta intanet. Za a aiko masa da lamba ta waya ko imel ɗin da ya bayar tun farko, sa'an nan ya sa sabuwa. Ta biyu, in asusun na cikin na'urar ne kaɗai, tun 2018 akan sa mutum ya zaɓi tambayoyi uku ran da ya buɗe shi. In ya amsa su daidai, ya shiga. Ta uku, in na'urar tana haɗe da sauran na ma'aikata, jami'in da ke lura da su shi ke sake kalmar.

Waɗansu kwamfutoci kuwa an kulle su da BitLocker, wanda mabuɗinsa na ceto lambobi 48 ne. In aka neme shi aka rasa, ko Microsoft ba ta iya buɗewa.

Don haka wajibi ne kowane Hakimi ya sa a rubuta kalmar da lambobin nan, a liƙe cikin ambulan, a ajiye a akwatin ƙarfe. Ran da aka canja malami, lalle a canja kalmar.