Furen Itatuwan Arewa da Maganin Masassarar Cizon Sauro

A Kiyeshe, kamar sauran garuruwan Dallol Mawri, masassara tana tsananta ne daga watan Agusta zuwa Oktoba. Masu maganin gargajiya sun fi aiki da ganye da saiwa da sassaƙe. A wannan takarda muna so mu duba matsayin fure.

Da farko, manyan magungunan masassara guda biyu daga tsiro suka fito. An ware kinin daga ɓawon itacen sinkona a Faransa a 1820. Artemisinin kuwa, wanda aka gano a Sin a 1972, ya fi taruwa a ganye da furen tsironsa. Da shi ake harhaɗa magungunan da Nijar ta koma gare su a 2005, bayan kulorokin ya daina ci.

Misalin da ya fi kusa da batunmu shi ne kasiya (Senna siamea). A 2009 masu bincike sun ciro sinadarai masu suna cassiarin daga furenta, suka gwada su a kan Plasmodium falciparum. Amma kasiya baƙuwa ce daga Asiya, kamar bedi. Cikin namu na gida, sabara (Guiera senegalensis) ta samu kulawa: an samu harman da danginsa a cikinta, sai dai a ganye da saiwa aka yi aikin.

Abin da ya sa fure ya ja hankalinmu shi ne halin da maɗaci da marke suke ciki. Sassaƙe in ya zagaye gindi, itace ya mutu, alhali tsinkar fure ba ta kashe shi. Duk da haka akwai hasara. Gao yana fure ne bayan damina, lokacin da masassara ta fara ja da baya, kuma duk furen da aka tsinke ɗa ne da tumaki ba za su ci da rani ba. Sabara kuma a gona ana sare ta kowace shekara wajen sassabe.

Sai mu ƙara da gargaɗi: kashe ƙwayar cuta a cikin kwalbar gwaji daban, warkar da yaro daban. Sinadarin yana iya lalacewa wajen dafuwa, ko hanta ta rushe shi kafin ya kai jini. Yaron da jikinsa ya yi zafi da damina, likita za a kai shi a gwada jininsa a ranar.