Ciwon Sukarin Yara a Kudancin Kano: Wace Magana ce Gaskiya, Wace ce Ƙarya?

Daga Kwanar Dangora har zuwa Riruwai, in aka ce yaron gidan wane yana da ciwon sukari, sai majalisa ta rabu. Wani ya ce ai wannan ciwon manya ne masu tumbi, me ya haɗa shi da ɗan shekara tara? Wata ta ce rake da mazarƙwaila ne suka yi masa yawa. Wani ya ce daga dangin uwa ya kwaso, wani kuma ya rage murya ya ce a dai bincika, ƙila hannu aka sa masa. A cikin waɗannan maganganu akwai mai ɗan ƙamshin gaskiya, akwai ƙarya tsagwaronta, akwai kuma wadda in iyaye suka bi ta za su rasa ɗansu cikin 'yan kwanaki.

Tushen ruɗanin shi ne cuta biyu ne ake kira da suna ɗaya. Wanda muka saba gani a jikin dattawa nau'i na biyu ne: jiki yana samar da sinadarin insulin, amma bai isa ba ko kuma ba ya aiki yadda ya kamata, don haka gyara abinci da motsa jiki da ƙwayoyi suna taimakawa. Nau'i na ɗaya daban yake. A bayan tumbi akwai wata gaɓa da likitoci ke kira fankiriyas, ita ke samar da insulin. Garkuwar jikin yaron ce take juyawa ta lalata ƙwayoyin da ke wannan aiki, har insulin ɗin ya ƙare. Shi kuwa insulin kamar mabuɗi yake: shi ke buɗe wa sukarin da abinci ya zama ƙofar shiga tsoka da sauran sassan jiki. In babu shi, sukari ya taru a jini, yaro yana ci yana ramewa.

Don haka maganar cewa ciwon manya ne kaɗai ƙarya ce. Nau'i na ɗaya ya fi bayyana a yara da matasa, kodayake babba ma yana iya samunsa. Maganar rake ma ƙarya ce. Babu uwar da ta jawo wa ɗanta wannan ciwo don ta ba shi alewa ko ta zuba masa sukari a koko, kuma bai halatta a bar ta da wannan nauyi a zuciya ba.

Maganar gado ita ce ke bukatar natsuwa, domin ita ce ke fasa aure kuma take haddasa gori tsakanin dangi. Gaskiya ne akwai gado a ciki. Masana sun gano wani rukunin ƙwayoyin halitta da ake kira HLA, masu koya wa garkuwar jiki bambanta nata da baƙo, kuma kusan rabin haɗarin da ake gada daga nan yake fitowa. Amma abin da ake gada yiwuwa ce kawai. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon sukari ta Amurka ta ƙiyasta cewa in uba yana da nau'i na ɗaya, yiwuwar ɗansa ya samu ita ce 1 cikin 17. In uwa ce, 1 cikin 25 ne idan ta haihu kafin ta kai shekara 25, sannan 1 cikin 100 idan ta wuce haka. Mai gorin dangin uwa ya lura da wannan: ta wajen uba ma haɗarin ya fi. Ko tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya, masu ƙwayoyin halitta iri ɗaya sak, sau da yawa Hassan yana da ciwon Husaini kuma lafiyarsa ƙalau. Abin da ya fi wannan duka: cikin yara 10 da aka gano suna da ciwon, kusan 9 babu kowa mai irinsa a cikin iyayensu ko 'yan uwansu na jini.

Wasu suna haɗa shi da sikila, musamman tun da gwamnatin Kano ta sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024. Ba hanyarsu ɗaya ba. Sikila ƙwayar halitta ɗaya ce, ana iya lissafa ta tun kafin a kai kuɗin aure. Nau'i na ɗaya na ciwon sukari kuwa ƙwayoyin halitta da yawa ne ke haɗuwa da wasu dalilai na muhalli, kuma gwajin jinin da ake yi wa masu shirin aure ba ya nuna shi. Budurwa mai wannan ciwo tana aure, tana ɗaukar ciki, tana haihuwa. Sharaɗin shi ne a daidaita sukarinta tun kafin ta samu cikin, kuma ta yi awo a asibitin da ke da likita.

Sai dai waɗancan alƙaluma na gado galibi daga binciken da aka yi kan Turawa suka fito, kuma yanzu an fara gane cewa lamarin a Afirka yana da nasa salo. A 2025 aka wallafa wani babban bincike a ɗaya daga cikin mujallun Lancet, wanda Dokta Jean Claude Katte ɗan Kamaru ya jagoranta, kan yara da matasa kusan 900 a Kamaru da Uganda da Afirka ta Kudu waɗanda aka ce suna da nau'i na ɗaya. Kimanin kashi 65 cikin 100 nasu ba a samu alamar farmakin garkuwar jiki a jininsu ba, kuma ba su ɗauke da irin ƙwayoyin halittar da aka saba dangantawa da ciwon. Duk da haka insulin ɗin jikinsu ya yi ƙasa ƙwarai. Na san yadda irin wannan labari yake sauya kama in ya shiga WhatsApp: gobe sai a ce Turawa da kansu sun yarda yaranmu ba sa bukatar allurar insulin. Binciken bai ce haka ba. Abin da ya nuna shi ne sanadin ciwon yana iya bambanta, amma rashin insulin ɗin yana nan.

Yanzu ga inda ake asarar rayuka. Alamun farko ba ɓoyayyu ba ne: ƙishirwa marar yankewa, yawan fitsari, yaron da ya daɗe da daina fitsarin kwance ya dawo yana jiƙa tabarma, rama duk da yana cin abinci, kasala. Tsofaffi suna cewa in ka ga tururuwa ta taru a inda yaro ya yi fitsari to a duba shi, kuma wannan magana tasu gaskiya ce, domin sukari yana fita ta fitsari in ya yi yawa a jini. In ba a gane ba, jiki ya koma ƙona kitse, wani tsami mai guba da ake kira kiton ya taru a jini. Sai amai, ciwon ciki, numfashi mai zurfi da sauri, wani wari kamar na 'ya'yan itacen da suka nuna a bakinsa, daga nan suma. A yankin da zazzaɓin cizon sauro ya zama ruwan dare, kamar garuruwan da ke kewaye da madatsar Tiga da bakin dajin Falgore, wannan yaro kemis za a kai shi a yi masa allurar maleriya, in bai ji sauƙi ba a ce taifot ne. Wani lokaci har a ɗaura masa ruwa mai sukari. Alhali ɗigon jini ɗaya a kan yatsa ya isa: in mitar gwajin sukari ta nuna 11.1 ko sama, ko 200 a irin mitar da ke ƙirga da ɗaruruwa, ga kuma waɗannan alamu, to a wuce babban asibiti a ranar, ba a kwana. Tsakanin Doguwa da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Murtala tafiyar sa'o'i ce, shi ya sa gane ciwon a ƙaramin asibitin ƙauye yake da muhimmanci.

Magana mafi haɗari ita ce wai in aka fara allura an shiga ke nan, gara a gwada zogale, garafuni, shuwaka ko zuma. Gaskiya ne allurar ta har abada ce, amma ciwon ne ya sa haka. Kafin Frederick Banting da Charles Best su fitar da insulin a birnin Toronto na Kanada a 1921, yaran da suka kamu ba sa daɗewa. A watan Janairun 1922 aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, allurarsa, ya kuma rayu shekaru 13 bayan nan. Daga lokacin zuwa yau babu wani ganye ko sassaƙe da aka tabbatar yana maye gurbin insulin. Zogale abinci ne mai kyau, a ci gaba da yin kwaɗonsa. Zuma kuwa tana ɗaga sukarin jini.

To me ya sa ake samun wanda zai rantse cewa ya ga yaron da ya warke da maganin gargajiya? Ba lallai ƙarya yake yi ba. Bayan an fara allura, ragowar ƙwayoyin fankiriyas sukan ɗan farfaɗo na wasu makonni ko watanni, har bukatar insulin ta ragu sosai. Likitoci sun san wannan lokaci, suna rage adadin allurar. In ya dace da lokacin da aka karɓo magani a wajen mai ganye ko aka yi rubutun sha, sai a ce an warke, a ajiye sirinji. Ƙwayoyin nan suna ƙarasa mutuwa, ciwon ya dawo da ƙarfi. Addu'a da neman magani ba sa karo da juna a addininmu. A yi ruƙiyya, a yi sadaka, amma kada a tsallake allura ko ta rana ɗaya, ko da yaron yana zazzaɓi ba ya cin abinci. A irin wannan rana ma jiki ya fi bukatarta, sai dai a yawaita gwaji a kuma tuntuɓi asibiti.

Zancen cewa wai daga alade ake samo insulin yana da asali. A da daga jikin shanu da aladu ake tace insulin. Tun daga 1982 aka fara haɗa irin na ɗan Adam a masana'anta ta hanyar amfani da ƙananan halittu kamar yis, kuma irinsa ne ya cika kasuwa a yau.

Sai wanda zai ce insulin ba na mutumin ƙauye ba ne tunda babu wuta babu firji. Kwalbar da ba a buɗe ba ta fi son sanyin firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8, wannan gaskiya ne. Amma ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Geneva sun gwada insulin a irin zafin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, inda yake hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37, suka wallafa a 2021 cewa kwalbar da ake amfani da ita tana riƙe ƙarfinta har mako huɗu. Dabarar sanyaya ta ma tamu ce ta gida. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani. A sa kwalbar a cikin roba mai murfi don kada ruwa ya taɓa ta, a ajiye tukunyar a inuwa inda iska ke kaɗawa. Abin da ke lalata insulin shi ne rana kai tsaye, cikin mota a watan bazara, ko daskarewa a jikin ƙanƙara.

Akwai abu biyu da ba a cika faɗa wa iyaye ba. Na farko, insulin yana zuwa da ƙarfi iri biyu, mai lamba 40 da mai lamba 100, kowanne da sirinjinsa. In aka ja mai 100 da sirinjin 40, yaro ya samu ninki biyu da rabi na abin da aka rubuta masa. A duba lambar kwalba da ta sirinji duk lokacin da aka saya. Na biyu, sukari yana iya faɗuwa ƙasa in an yi allura ba a ci abinci ba, ko yaro ya wuni a gona ko a filin ƙwallo. Zai yi gumi, jiki na rawa, ya rikice, ya yi surutai, wani har ya faɗi yana jijjiga. Nan ne ake cewa iska ce ta buge shi, a ɗauko turare. In yana iya haɗiya, a dama masa sukari cokalin shayi uku a ruwa ya sha, a bi da abinci. In ya suma kada a ɗura masa komai, a kwantar da shi ta gefe a garzaya asibiti. Ya kamata malamin makarantarsa, na boko da na allo, ya san wannan.

Cewa kuma mai ciwon ba zai ci komai ba sai alkama da acca kuskure ne da ke tsumburar da yara. Alkama da acca su ma sukari suke zama a jiki. Yaro mai girma yana bukatar tuwonsa na masara ko dawa, da wake da ganye da kifi, a kan lokaci kuma da awo, a daidaita allura da abincin. Lemon kwalba da kayan zaƙi ne ake ragewa. Azumi kuwa, wanda bai balaga ba bai hau kansa ba, shari'a kuma ta yi wa marar lafiya rangwame. Baligin da ya nace sai ya yi azumi, ya ga likita tun kafin watan ya kama, ya kuma karya azumin in mita ta nuna ƙasa da 3.9 ko ta haura 16.6.

Shin wahalar nan tana da riba? Wani bincike da aka yi a Amurka da Kanada daga 1983 zuwa 1993 kan mutum 1,441 ya nuna cewa tsananta kula da sukari ya rage haɗarin kamuwa da lalacewar ido da kashi 76 cikin 100, ya kuma rage na ƙoda da na jijiyoyi. Wani ƙiyasi na 2022 ya ce ɗan shekara 10 da aka gano yana da ciwon zai iya ƙara shekaru 65 a ƙasa mai arziki, amma 13 kacal a ƙasa matalauciya. Ciwon iri ɗaya ne, bambancin yana wajen samun insulin da abin gwaji da sanin yadda ake amfani da su.

Ina kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, da hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, su tabbatar kowane asibitin mazaɓa yana da mitar gwajin sukari da tsinkayenta, manyan asibitocin yankin kuma ba sa rabuwa da insulin. Ke kuma uwa, in ɗanki yana yawan shan ruwa, yana yawan fitsari, yana ramewa, ki ce wa ma'aikacin lafiya ya gwada masa sukari kafin a ba shi wani magani.