Wa Ke Rubuta Manhajar Sakandaren Kirista a Amurka?

Duk wanda ya buɗe littafin jagorar darussa na wata sakandaren Kirista a Amurka, daga cikin waɗanda ke kiran kansu masu share fagen shiga jami'a, zai tarar da jeri kusan iri ɗaya, ko makarantar ta Katolika ce ko ta Furotesta. Kafin a ba ɗalibi takardar kammalawa sai ya yi Ingilishi shekara huɗu, lissafi uku ko huɗu, kimiyya uku, tarihi da zamantakewa uku, harshen waje biyu ko uku, da ɗan fasaha da motsa jiki. Daga ƙarshe sai a ga darasin addini na shekara huɗu da wasu sa'o'i na hidima ga jama'a. In ka rufe waɗannan layuka biyu da hannu, da wuya ka bambanta jerin da na makarantar gwamnati mai kyau. Abin da wannan ke nunawa shi ne jami'o'i ne suka rubuta galibin manhajar tun daga nesa, addinin da aka kafa makarantar dominsa kuwa an ware masa ɗaki guda a cikin gidan. A ganina bin ƙa'idar jami'a ya amfani ɗaliban ƙwarai. Hasarar tana wani wuri dabam, wato a yadda makarantun suka yarda a auna komai da mudu ɗaya, har da tarbiyya.

Mudun nan shi ne kiredit, kuma ya bambanta da kiredit ɗin da ɗan Najeriya ke nema a WAEC ko NECO, wanda matsayi ne na cin jarrabawa. A Amurka kiredit ma'aunin lokaci ne. A 1906 Gidauniyar Carnegie ta tsayar da shi a kan sa'o'i 120 na zama a aji kan darasi ɗaya cikin shekara, jami'o'i suka karɓe shi domin ya sauƙaƙa musu kwatanta ɗalibai daga makarantu daban-daban. A 1983, zamanin Shugaba Ronald Reagan, wani kwamitin ƙasa ya fitar da rahoto mai suna A Nation at Risk, ya nemi kowane ɗalibi ya yi Ingilishi shekara huɗu, lissafi da kimiyya da zamantakewa shekara uku-uku, da rabin shekara na kwamfuta, mai niyyar jami'a kuma ya ƙara harshen waje na shekara biyu. Jihohi suka yi ta ɗaga sharuɗɗansu. Makarantun addini, ko da dokar jiha ba ta ɗaure su ba, ba su da fuskar da za su ce wa iyaye sharaɗinsu bai kai na makarantar kyauta ba.

Kalifoniya ce ta fi fito da wannan iko fili. Jami'ar jihar tana da jerin darussa goma sha biyar da take buƙata, waɗanda aka kasa daga harafin A zuwa G, kuma kowace sakandare sai ta aika da bayanin darasinta an duba kafin a lissafa shi. A 2005 ƙungiyar makarantun Kirista ta ACSI, tare da makarantar Calvary Chapel da ke Murrieta, suka kai jami'ar ƙara saboda ta ƙi amincewa da wasu darussa, ciki har da na ilimin halittu da tarihi, waɗanda aka gina a kan littattafan madaba'ar Jami'ar Bob Jones da ta A Beka. Masu ƙarar suka ce wariya ce ga addini. Jami'ar ta ce littattafan ba su koyar da abin da fannin ya ƙunsa yadda ɗalibi zai iya ɗorawa a kansa ba. Alƙali James Otero ya ba jami'ar gaskiya a 2008, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2010, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi sauraron shari'ar a wannan shekarar. Tun daga nan babu shugaban makarantar da bai san cewa yana da 'yancin koyar da abin da ya ga dama ba, amma ba shi da ikon tilasta wa jami'a ta ƙirga shi.

Sai kuma kuɗi. A farkon shekarun 1960 makarantun Katolika na Amurka suna da ɗalibai sama da miliyan biyar, kuma sistoci da fadoji ne ke koyar da yawancin azuzuwan a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Yau ɗaliban ba su kai miliyan biyu ba, malaman kuwa ma'aikata ne masu iyali da albashi. Kuɗin makaranta ya hau, uban da ke biya kuma yana son ya ga sunan jami'ar da yaron zai shiga. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Don haka ne makarantun suka cika jadawalinsu da darussan AP masu matakin jami'a, waɗanda hukumar College Board ke tsarawa tun shekarun 1950, ana jarrabawarsu a watan Mayu ana ba da maki daga 1 zuwa 5. Yawan AP da makaranta ke bayarwa ya zama abin talla a shafin farko, alhali hukumar ce ke ƙayyade abin da za a rufe kafin Mayu, malamin yana biye.

Sakamakon farko lissafi ne mai sauƙi. Makarantar da ke da darasi bakwai a rana tana da gurbi 28 cikin shekara huɗu. Ɗalibin da ya bi shawarar Jami'ar Kalifoniya, ya yi lissafi huɗu da kimiyya uku da harshe uku tare da sauran darussan jerin A zuwa G, ya cinye 18. Addini ya ɗauki huɗu, motsa jiki biyu, saura huɗu kacal na waƙa ko zane ko aikin hannu ko duk abin da ransa ke so. In darasi shida ake yi a rana, babu saura ko ɗaya. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma abin da ake fara yadawa shi ne wanda ba jami'a ba coci ke tambayarsa. Sakamako na biyu ya fi zurfi. Jami'ar tana fitar da matsakaicin makin ɗalibi ne daga darussan da ta amince da su a shekara ta biyu da ta uku ta sakandare, tana kuma ƙara maki ga na AP. Darasin addinin da bai shiga jerin ba, komai ƙoƙarin ɗalibi a cikinsa, ba ya motsa wannan adadi. Yaro ɗan shekara goma sha shida ba ya buƙatar a faɗa masa wane littafi zai ajiye in dare ya yi bai gama aikin gida ba.

Shugabannin addini sun ga haka, maganin da suka kawo kuwa daga cikin tsarin ne. A 2007 bishop-bishop na Katolika a Amurka suka amince da tsarin koyar da addini a sakandare, mai darussa shida na dole, kowanne na rabin shekara, da wasu biyar na zaɓi. Wannan ya ɗaga darajar ajin, ya hana shi zama lokacin hira. Amma ya kuma tabbatar da addini a matsayin darasi ɗaya cikin bakwai, mai jarrabawa da maki. Hidima ga jama'a ma haka ta koma: sa'o'i ne da ake sa hannu a takarda, waɗanda daga baya suke ƙawata takardar neman jami'a. Yaron da ya raba abinci ga mabuƙata na iya yi da zuciya ɗaya, sai dai tsarin ba shi da hanyar bambanta shi da wanda ya je cike gurbi.

Masu goyon bayan ƙarar ACSI za su ce tushen matsalar jami'ar gwamnati ce da ke shiga sharo ba shanu. Wannan hujja tana da nauyi, domin tun 1925 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa iyaye 'yancin kai 'ya'yansu makarantar addini, a shari'ar da wata ƙungiyar sistoci ta yi da jihar Oregon. Sai dai 'yancin koyarwa dabam, haƙƙin jami'a na sanin shirin wanda za ta ɗauka dabam. Jami'ar ta amince da darussa da dama na makarantar ta Murrieta, ɗimbin makarantun Katolika kuma suna koyar da ilimin halittu yadda masana fannin suka san shi ba tare da sun ji imaninsu ya girgiza ba. Ɗalibin da aka ba shi takarda mai cewa ya yi kimiyya, ya isa jami'a ya tarar bai yi ba, shi aka zalunta.

Wasu kuma za su ce kukan daɗi ake yi, tunda tsarin yana kai yara jami'a. Gaskiya ne, kuma makarantar Cristo Rey da 'yan ƙungiyar Jesuit ta Katolika suka buɗe a Shikago a 1996 shaida ce: 'ya'yan talakawa suna aiki a ofisoshi kwana biyar a wata don rage kuɗin karatunsu, suna kuma bin cikakkiyar manhajar shiga jami'a. Ga irin waɗannan yara, tsaurin sharuɗɗa adalci ne. Abin lura a Cristo Rey shi ne mafi muhimmancin abin da ta ƙirƙiro, wato ranar aiki, ya samu wuri ne domin makarantar ta sake fasalin makonta gaba ɗaya maimakon ta ɗora sabon kaya a kan tsoho.

Akwai alamun cewa wasu sun fara sake lissafi. A 2018 makarantu takwas masu zaman kansu a yankin Washinton, ciki har da St. Albans da National Cathedral na cocin Episcopal da Sidwell Friends ta Kiristocin ɗarikar Quaker, suka sanar da niyyar barin AP su tsara manyan darussansu da kansu. Makarantun Kirista masu bin tsohon tsarin nahawu da mantiƙi da balaga, irin wadda aka kafa a garin Moscow na jihar Idaho a 1981, suna haɗa adabi da tarihi da tauhidi a zama ɗaya, kuma a 2023 jami'o'in gwamnatin Florida suka fara karɓar jarrabawar shiga jami'a ta CLT da irin waɗannan makarantu ke so. Sai dai makarantun Washinton sun iya yin haka ne domin jami'o'i sun riga sun san sunansu. Ƙaramar makarantar coci a wani gari, wadda mai duba takardu bai taɓa jin labarinta ba, haruffan AP ne kaɗai shaidarta, shi ya sa ita ce za ta fi daɗewa tana ɗauke da jadawalin da babu wurin numfashi a cikinsa.